Wayar Da Ba Ta Son Gaisuwa

Ni dai ban san abin da ya sa mutane suke ɗaukar mai gyaran waya kamar boka ba. Za a kira ki a ce, "Waya ta lalace." Ki ce me take yi? A ce, "Ta dai lalace, ki zo." Shekarata tara ina haɗa wa ofisoshi da shaguna wayoyin cikin gida a nan Minna, kuma har yau ban haɗu da wanda ya iya faɗa mini ciwon wayarsa a jimla ɗaya ba. Af, ƙarya nake yi. Na haɗu da mutum ɗaya, na kuwa yi masa dariya.

Sunana Kubura. A watan Maris na haɗa wayoyi takwas a babban shagon Hajiya Saudatu da ke Sauka Kahuta, inda ake sayar da iri da takin zamani da maganin feshi. Ɗanta Sharif ne ya kira ni. Bai daɗe da dawowa daga karatu ya karɓi kujerar manaja ba, kuma duk abin da ya tarar a shagon gani yake ya tsufa. Na ja waya, na kafa na'urar da ke raba kira, na sa mata akwati mai ɗauke da sim huɗu, sannan na zauna na rubuta tsarin kira. Tsarin kira ba wani abin tsoro ba ne, jerin ƙa'idoji ne da ke gaya wa na'ura inda za ta kai kowace lamba. Idan lamba uku ce ta fara da ɗaya, ta cikin gida ce: 101 ofishin manaja, 102 sito, haka dai. Idan sha ɗaya ce ta fara da sifili, a fitar da ita waje ta sim. Na gwada komai, komai ya yi, na tattara kayana na tafi.

Wayar da ta fi kowace aiki a shagon ita ce ta teburin ƙofa, wurin Baba Irimiya. Dattijo ne Bagbagyi mutumin Beji, shekararsa ashirin da shida a wannan teburi, tun mijin Hajiya yana raye. Shi ke tarbar duk wanda ya shigo, shi ke kiran manoma da dillalai idan kayansu sun iso. Yana da wani ƙaton littafi mai baƙin bango da ya cika da lambobi, kuma ya san kowa a ciki, har sunan matarsa da abin da ya shuka bara.

Mako biyu da gama aikina aka ce mini kiran Baba yana ɓata hanya. Na je, na danna lamba a wayarsa, ta shiga. Na sake, ta shiga. Na ce, "Baba, me take maka ne?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, wayan nan ba shi son gaisuwa."

Wallahi har da riƙe ciki na yi dariya. Na ce a raina tsohon nan akwai barkwanci. Na canza masa wayar da sabuwa don dai kada a ce ban yi komai ba, na hau mashin ɗina na kama gabana.

Sai wata Laraba a watan Mayu, ruwa ya sauka manoma sun fara tururuwa, Sharif ya kira ni ya ce in zo yanzu-yanzu. Na same shi a ofis ya sha kunu. Ko zama ban gama yi ba ya fara.

"Injiniya, tsohon nan ya ishe ni. Wata biyu wayata tana ringi, sau goma a rana. In ɗauka, sai in ji shi can nesa yana 'ya yara, ya ruwa, ya gona,' da wani yake magana ba da ni ba. Can kuma sai ya hau danna mini lambobi a kunne. Manomin da aka ce ya kira kuwa yana can yana jira."

Na ce, "Har yanzu yana yi?"

"Na ja masa kunne mako uku da suka wuce, na ce ya sake yi sau ɗaya ya tafi gida. Tak ya daina. Kin ga ashe ba na'ura ba ce. To yanzu kuma sabon salo ya ɗauko, mutane su yi masa sallama ya share su. Mutum uku sun kawo ƙararsa. Wani babban manomi daga wajen Tagwai ya fice da fushi, ya ce ba za a wulaƙanta shi da furfurarsa ba, ya je wani shago ya kwashi takinsa."

"To ni mene ne nawa a ciki, Manaja?"

Ya turo mini farar takarda. Ya ce shi ya gama yanke shawara, ranar Juma'a Baba zai ajiye aiki, amma Hajiya ta kafe, ta ce sai ta ga shaidar mai waya cewa ba laifin na'ura ba ne. Abin da yake so kawai in duba, in rubuta cewa na'ura lafiyarta ƙalau, in sa hannu. Ina miƙewa ya ƙara da cewa reshen da za su buɗe a Beji wayoyi shida zai ci, kuma ni ya yi niyyar ba wa.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin maganar Beji. Kuma na yarda da aikina ɗari bisa ɗari. Na ce masa ya ba ni awa biyu.

Na bi komai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda na saba. Na duba wuta, don a garin nan kafin ka zargi kowa sai ka fara zargin wuta: batirin ajiya yana riƙewa, na'urar ba ta mutu ba ko sau ɗaya tun Maris. Na duba sim huɗun nan, duk da rai, sabis a cike. Na bi igiyar wayar Baba tun daga teburinsa har sito inda na'urar take, ko ɓera ya taɓa ta, ba ko ƙwarzane. Na buɗe kwamfuta na duba ko na manta sababbin lambobi masu farawa da 090 da 091, don wannan kuskuren ya sha kayar da 'yan'uwana masu wannan sana'a. Ban manta ba, suna nan.

Sannan na buɗe rajistar kira, inda na'ura take rubuta duk lambar da aka danna da lokacin da aka danna ta. Tabɗi! Ga su nan jere daga wayar Baba: 0803, 070, 08136, 09. Guntaye-guntayen lambobi, ba wadda ta cika sha ɗaya, kuma duk sun ƙare a 101. Na ƙirga sama da ɗari uku. Na ce shi ke nan, ga shaida, tsoho yana fara lamba ya manta sauran. Na lura yawancinsu da safe ne, tsakanin takwas da sha ɗaya, da rana kuwa jefi-jefi. Na ɗan tsaya a kan wannan, don na san mutum ya fi wartsakewa da safe, amma na ce ni ba likita ba ce, na wuce. Abin da ya kamata in tambayi kaina shi ne me ya sa guntuwar lamba take zuwa 101 ba wani wuri ba, amma hankalina yana Beji.

Saura gwaji na ƙarshe a teburin ƙofa. Na fito na ja kujera gefe ina jira ya gama kiran da zai yi. Baba ya rame, rigar tasa ta yi masa yawa. Ya ɗauki kan waya, ya kafa yatsan hagu a kan lamba a littafi, ya sunkuyar da kai kamar zai shige cikin teburin, ya fara dannawa. Ana cikin haka wani manomi ya shigo da buhu a kafaɗa ya yi sallama. Shiru. Ya sake, da ƙarfi. Baba bai ɗago ba, amma na ga leɓensa yana motsi. Manomin ya ce, "Irimiya, ni ne fa!" Sai da lamba ta cika sannan ya ɗago, lokacin kuma an riga an ɗauka a can, dole ya shiga magana da na cikin waya. Manomin ya ja tsaki ya wuce sito.

Raina ya ɓaci, ni kuwa ba na iya haɗiye magana. Yana ajiye waya na ce, "Haba Baba! Mutum ya yi maka sallama har sau uku? Me ya yi zafi?"

Ya tashi ya ba ni kujerar.

Na ɗauki kan waya, na buɗe littafinsa, na zaɓi wata lamba don in yi daidai yadda yake yi. Na danna 0806. Sai na ji an ce, "Salamu alaikum. A'a, wa nake gani kamar Kubura 'yar Maiwada?"

Na ɗago. Baba Ndaceko ne, wani dattijo Banufe abokin mahaifina tun suna aikin jirgin ƙasa tare, yanzu yana noman shinkafa a bakin Tagwai. Rabona da shi tun rasuwar Babanmu. Ina zan iya ci gaba da danne-danne? Na sauke kan wayar daga kunnena na manna a ƙirji, na ɗan rusuna.

"Wa alaikumus salam, Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ya mamanki? Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi, Baba. Ya mutanen gida? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya yaran?"

Muka yi ta yi har sai da ya ce bari ya leƙa sito. Na koma kan littafi, na ci gaba da danna sauran lambobi bakwai, na mayar da waya kunne. Abin da na ji shi ne muryar Sharif kamar za ta fasa mini dodon kunne.

"Baba! Baba Irimiya! Wallahi yau ba sai Juma'a ba, tattara kayanka!"

Na ce, "Manaja, ni ce." Na ajiye wayar.

Na koma sito da sauri na buɗe tsarin kiran da na rubuta da hannuna. Ga shi nan ƙuru-ƙuru, layi biyu. Na farko, lokacin jira tsakanin lamba da lamba: sakan uku. Haka ya zo daga kamfani, ban taɓa shi ba. Ma'ana idan ka danna lamba ka tsaya sakan uku, waya za ta ɗauka ka gama, ta tura abin da ka danna ko da guntu ne. Na biyu, can ƙasan jerin, wata ƙa'ida da na sa ranar da nake gwaji: duk lambar da na'ura ba ta gane ba, a kai ta 101, don a ranar a ofishin manaja na zauna ina aiki. Na gama gwaji na manta ban goge ta ba.

Tsohuwar wayar Baba irin ta kan teburi ce mai sim, sai ka gama danna lamba ka danna koren maɓalli sannan ta tafi. Ko awa ɗaya za ka yi kana gaisawa za ta jira ka. Tawa kuwa sakan uku ta ba shi. Sakan uku, a teburin ƙofa, a Minna, da safe! Ko "ina kwana" ba ka gama ba. Ni da na danna lamba da sauri kamar ana bi na, ni kaɗai a wurin ba mai gaishe ni, ta yaya zan gani? Mutumin nan ya gaya mini ciwon tun a watan Maris, kalma shida, na tsaya ina ƙyaƙyata dariya kamar wata sakarai.

Na zauna a kan buhun taki ina kallon layukan nan biyu. Gyaran ba zai ci mini minti biyu ba. Ba wanda ya san tsarin kira a shagon nan sai ni. Ina iya gyarawa shiru, in ce wa Sharif yatsana ne ya kuskure ɗazu, in rubuta cewa na'ura lafiyarta ƙalau, kuma a lokacin da zan sa hannun ba ƙarya na yi ba. Sunana ya tsira, Beji tawa ce. Allah ya sani wannan tunani ya daɗe a raina fiye da yadda nake son faɗa.

Na fito na sami Baba Irimiya yana goge teburinsa da tsumma. Ya riga ya sa tabarau da kofin shayinsa a leda, don ya ji ihun Sharif ta bango. Na ce, "Baba, ashe ka san gaisuwa ce take kawo wannan abu?"

Ya ce, "Na sani. Na gaya maki, kin yi dariya. Na gaya ma Manaja, ya ce tsufa ne. To sai na ce bari in bar gaisuwa in riƙe aiki."

"Shi ya sa kake share mutane?"

"Share su? 'Yata, mutumin nan na ɗazu, ni na riƙe mashi yaro ranar suna. Ina jin muryanshi, ina ƙirga lamba. Sati uku ke nan in na koma gida ba ni iya cin tuwo. Matana Mary tana tambaya na ko ciwo ne." Ya ninke tsumman. "In na gaisa, laifi. In ban gaisa ba, laifi. Gara in tafi."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Baba, fitar da kofinka daga ledar nan."

Na ɗauki takardar Sharif na rubuta a kan teburin, a tsaye. Ban yi dogon turanci ba. Na ce na'ura ba ta lalace ba, amma an tsara ta ba daidai ba, kuma ni Kubura Maiwada na tsara ta. Na bayyana layukan biyu, na ce kira ɗari uku da 'yan kai da suka ɓata hanya duk daga nan suka fito, kuma duk wanda ya zauna a teburin nan ya amsa sallama haka za ta yi masa, ni ma ta yi mini yau a kunnen Manaja. Na sa hannu.

Na tarar Hajiya Saudatu ta iso ofis, Sharif ya kira ta don a gama magana yau. Na gaishe ta na miƙa mata takardar. Ta ce ba ta zo da tabarau ba, Sharif ya karanta. Ya fara da ƙarfi, yana zuwa tsakiya murya ta yi ƙasa.

Ya ce, "Wato wata biyu muna asarar mutane saboda sakacinki?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa."

"Kuma kin zo a watan Maris kin ce ba komai?"

"Na zo, na ce ba komai. An gaya mini gaskiya ban saurara ba. Kai ma an gaya maka."

Wannan ta ƙarshe da na bar ta a cikina da ya fi, amma halina ne. Ya murtuke fuska ya ce in gyara in ba shi wuri, maganar Beji kuma in manta da ita. Hajiya ba ta sa baki a wannan ba. Ta dai ce masa da yamma zai ɗauki mota, shi da Irimiya, su je Tagwai su ba babban manomin nan da ya fice da fushi haƙuri, kuma shi Sharif ne zai yi bayani da bakinsa.

Na koma kan kwamfuta. Na goge ƙa'idar 101. Na gyara sauran yadda lamba tana cika sha ɗaya, ko uku idan ta cikin gida ce, za ta tafi nan take ba jira. Saura tambaya ɗaya: idan lamba ba ta cika ba, sakan nawa waya za ta jira? Ba littafin kamfanin da zai gaya mini wannan. Na fito na tare Baba Ndaceko yana shirin tafiya da irinsa, na roƙe shi ya fita ya sake shigowa ya gaisa da Baba Irimiya yadda suka saba, kada su rage komai. Ya ce yaran zamani ba abin da ba za su sa mutum ba, amma ya fita. Na riƙe agogon wayata. Suka bi gida, suka bi yara, suka bi ruwa da gona da gajiya, har da wata akuya da ta ɓata. Sakan ashirin da shida. Iyakar abin da wayar take karɓa talatin ne, na ba ta talatin ɗin duka.

Aikin Beji wani aka ba, na ji labari daga baya. Ya yi mini ciwo, ba zan ce bai yi ba.

Ranar Juma'a da safe na biya ta shagon don in tabbatar da gyaran ya zauna. Na tsaya daga bakin ƙofa ban yi magana ba. Baba yana kan kujerarsa, kofin shayi a gefe, ya ɗauki kan waya ya fara danna lamba. Yana ta huɗu sai ga manomin nan na ranar Laraba, mai buhu a kafaɗa. Ya yi sallama ciki-ciki, ya kama hanyar sito ba tare da ya dubi teburin ba.

Yatsan Baba ya tsaya a sama. Na ga ya saci kallon ƙofar ofishin manaja, yana jiran ringi. Sakan uku suka wuce, biyar suka wuce, ba abin da ya yi ƙara. Sai ya manna kan wayar a ƙirjinsa, ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya har 'yan sito suka leƙo.

"Josiah! Dawo nan. Ina kwana? Ya yarona?"